Numfashi a Cikin Jaka: Daga Dandalin Ataba Zuwa Kogwannin Ƙarƙashin Ruwa

Duk ɗalibin da ya yi karatu a Jami'ar Azhar, ko matafiyin da ya ya da zango a birnin Alƙahira, ya san dandalin Ataba. A nan ne tsohon birni ya haɗu da sabo. Ta gabas akwai titin Muski da titin Azhar, cike da 'yan kasuwa da masu talla. A gefe guda ga babban gidan waya, ga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, a ƙarƙashin ƙasa kuma ga tashar jirgi inda layi na biyu da na uku suka haɗu. Daga wannan dandali ne taragon lantarki na farko a Alƙahira ya tashi cikin shekarar 1896. A cikin gine-ginen da suka kewaye dandalin akwai tsohon babban ofishin 'yan kwana-kwana na birnin.

Unguwar ta san ruwa, ta kuma san wuta. Inda lambun Azbakiyya yake, a dā tafki ne wanda Amir Azbak ya haƙa a zamanin Sarki Ƙaitbay cikin ƙarni na 15, aka cike shi cikin ƙarni na 19. Ran 28 ga watan Oktoba na 1971 kuwa, gobara ta cinye gidan wasan opera da Khedive Isma'il ya buɗe a 1869, alhali tsakaninsa da ofishin 'yan kwana-kwana tafiyar 'yan mintoci ce. Tun daga 2001 kuma, akwai hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi wadda ta taso daga wannan yanki ta ratsa ƙarƙashin unguwar Azhar.

Mai kashe gobara da zai shiga irin wannan rami mai hayaƙi, da mai nutso da zai shiga kogon da ruwa ya cika, matsalarsu ɗaya ce: yadda mutum zai yi numfashi a inda babu iskar shaƙa, kuma babu hanyar fita nan take. Tukunyar iska ta yau da kullum takan kai ɗan kwana-kwana kamar rabin sa'a. Domin dogayen ramuka da mahaƙan ma'adinai, akwai wata na'ura dabam da ake amfani da ita a ƙasashe da dama, wadda takan kai mutum har sa'a huɗu. Ita ce na'urar maimaita numfashi, kuma wani babban sashe na tarihinta a ruwan Masar aka rubuta shi.

Yadda take aiki

A cikin iskar da ɗan Adam yake shaƙa, kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, watau iskar da jini yake ɗauka ya raba wa gaɓoɓi. Sauran kusan duka naitirojin ce, wadda take shiga ta fita ba tare da jiki ya amfana da ita ba. A kowane numfashi jiki yakan ɗauki kashi 4 ko 5 ne kawai, ya mayar da ragowar waje tare da wata gurɓatacciyar iska da masana suke kira kabon dayoksaid, irin wadda takan taru a gindin rijiya mai zurfi har ta sumar da mai yasa.

Mai nutso da yake amfani da tukunya ta yau da kullum yana zubar da dukan numfashinsa cikin ruwa, shi ne kumfar da ake gani tana tashi. Asarar kuwa ƙaruwa take yi da zurfi, domin a mita 10 matsin ruwa ya ninka na sarari sau biyu, a mita 30 sau huɗu, a mita 90 sau goma. Tukunyar da za ta kai mutum sa'a guda a bakin ruwa, a mita 90 minti shida za ta yi.

Na'urar maimaita numfashi tana hana wannan asara. Numfashin da mutum ya fitar yana bi ta tiyo zuwa wani gwangwani mai cike da tsakuwar wani sinadari dangin farar ƙasa, wanda yake tsotse gurɓatacciyar iskar. Daga nan ya shiga wata jaka mai kumbura da motsewa kamar huhu, a ƙara masa ɗan oksijin daidai da wanda jiki ya ci, sa'an nan ya komo baki. Da yake jiki yana cin kimanin lita ɗaya ta oksijin a minti guda cikin matsakaicin aiki, ko a sama ko a ƙasa, 'yar ƙaramar tukunya takan isa tafiyar sa'o'i. Ba kumfa, ba ƙara.

Ramin Severn

Wani Ba'ingile mai suna Henry Fleuss, tsohon ma'aikacin jiragen ruwa, shi ne ya yi rajistar na'urar farko mai aiki sosai cikin 1878. Tukunyarsa ta tagulla ce, abin tsotse gurɓatacciyar iska kuwa zaren igiya ne da aka jiƙa da sinadarin fotash. Ba a daɗe ba aka sami inda za a gwada ta. A lokacin ana haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin kogin Severn, tsakanin Ingila da Wales, sai aka faɗa wa wata babbar maɓuɓɓuga cikin watan Oktoba na 1879, ruwa ya cika ramin. Ba yadda za a yi a yashe shi sai an rufe wata ƙofar ƙarfe da take can ciki, kimanin mita 300 daga gindin rijiyar shiga.

An ɗauko wani ƙwararren mai nutso, Alexander Lambert. Ya shiga da kayan zamanin, watau hular tagulla da dogon tiyo da ake hura masa iska daga sama, amma nauyin tiyon da sarƙewarsa a cikin katako da tarkace suka hana shi isa. Cikin watan Nuwamba na 1880 aka ɗaura masa na'urar Fleuss, wadda bai taɓa aiki da ita ba. Ya taka cikin baƙin duhu shi kaɗai, babu igiyar da ta haɗa shi da kowa, kuma a shigarsa ta biyu ya rufe ƙofar. An buɗe hanyar jirgin a 1886.

Daga nan na'urar ta shiga mahaƙan kwal. Kamfanin Dräger na birnin Lübeck a Jamus ya fito da tasa a farkon ƙarni na 20, kuma sa'ad da mahaƙar Courrières ta Faransa ta fashe a 1906, mutum 1,099 suka halaka, masu ceto daga Jamus sun zo da na'urorin numfashi suka shiga inda ba ya shiguwa.

Sai dai akwai wani abu da Lambert ya tsallake bisa sa'a. A shekarar da Fleuss ya yi rajistar na'urarsa, wani masani na Faransa, Paul Bert, ya wallafa binciken da ya nuna cewa oksijin, iskar rai, takan zama guba idan matsi ya yi yawa, ta jefa jiki cikin farfaɗiya. A doron ƙasa mai farfaɗiya yakan faɗi ya farfaɗo. A cikin ruwa abin bakinsa ne zai suɓuce ya nutse. A yau masu nutso ba sa wuce mita 6 da zallar oksijin.

Daren Iskandariya

Rashin kumfa shi ne ya jawo hankalin sojoji. A daren 18 ga watan Disamba na 1941, wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Scirè ya matso kusa da tashar jiragen ruwa ta Iskandariya, inda rundunar ruwan Ingila ta Bahar Rum take da mazauni. Ya saki mutum shida, bibbiyu a kan wasu injuna uku masu kama da doguwar ganga, waɗanda ake hawa kamar doki, kowanne da nakiya a goshinsa. Italiyawa suna kiran injin “alade” saboda taurin kansa wajen tuƙi. Dukan mutanen suna sanye da na'urar maimaita numfashi ta zallar oksijin.

Sa'a ta zo musu: an buɗe ragar ƙarfe da ta tsare bakin tashar domin wasu jiragen Ingila su shigo, suka bi bayansu. Luigi Durand de la Penne da Emilio Bianchi suka nufi babban jirgin yaƙi Valiant. Antonio Marceglia da Spartaco Schergat suka nufi Queen Elizabeth, jirgin Admiral Cunningham. Vincenzo Martellotta da Mario Marino suka ɗana tasu nakiyar a jikin jirgin dakon mai Sagona.

Abin da ya sami tawagar farko darasi ne ga duk mai son sanin halin wannan na'ura. Numfashi ya gagari Bianchi, tilas ya taso sama. Injin ya mutu a ƙasan tashar, de la Penne ya yi ta jan sa da hannu cikin taɓo shi kaɗai har wajen minti 40, ruwa yana shiga abin fuskarsa, kafin ya kai nakiyar ƙarƙashin jirgin. An kama su biyun manne da wani abin ɗaure jirgi, aka tsare su a wani ɗaki can ƙasan Valiant. Sa'ad da lokaci ya gabato, de la Penne ya nemi ganin Kyaftin Charles Morgan, ya gaya masa jirgin zai fashe nan da 'yan mintoci domin ya kwashe mutanensa, amma ya ƙi faɗar inda nakiyar take. Aka mayar da shi ƙasa. Wajen ƙarfe shida na safe nakiyoyin suka tashi. Manyan jiragen biyu suka lalace, mutum takwas suka mutu a Queen Elizabeth, wanda bai koma fagen fama ba sai 1943. An kama dukan shidan. Biyu daga cikinsu sai da suka kai garin Rashid kafin 'yan sandan Masar su cafke su. De la Penne ya tsira da ransa, kuma a 1945, bayan Italiya ta sauya sheƙa, Morgan ɗin nan ne ya maƙala masa lambar zinariya ta jarumtaka a Taranto.

Ingila ta ɗauki darasin, ta kafa nata mayaƙan ƙarƙashin ruwa, kuma likitanta Kenneth Donald ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan sojoji masu sa kai domin gano iyakar zurfin da oksijin take kai mutum lafiya. Masar ma daga baya ta horar da nata, waɗanda suka kai hari tashar Eilat a 1969 da 1970, suka kuma lalata wani injin haƙar mai da ake ja zuwa mashigin Suwes sa'ad da ya tsaya a Abidjan cikin watan Maris na 1970.

Bayan yaƙi

Hans Hass, mutumin Ostiriya, ya ɗauki hotunan kifaye da murjani a Bahar Maliya tun daga 1949 yana sanye da na'urar oksijin, domin rashin kumfa yakan sa kifi ya matso ba tsoro. Amma Jacques Cousteau na Faransa, wanda farfaɗiyar oksijin ta kama sau biyu a cikin ruwa, ya juya mata baya. Shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a 1943 abin da yake ba mutum iska ta yau da kullum daga tukunyar da ya goya. Tana da asara, amma tana da sauƙi, kuma idan ta lalace mutum yakan sani nan take. Ita ce ta mamaye duniya, aka bar ɗayar ga sojoji da masu ceto da wasu 'yan tsirarun mutane masu shiga kogwanni.

Daga baya zuwa kwiɓi

Kogwannin Ingila ƙunci ne da su, ga sanyi ga taɓo. Mai bin kogo yakan yi rarrafe sa'o'i, sai ya tarar da inda rufi ya sauko ya haɗu da ruwa. A 1935 Graham Balcombe da Penelope Powell suka shiga ruwan kogon Wookey Hole da hular tagulla da tiyo. A 1946 aka kafa ƙungiyar masu nutso a kogwanni ta Ingila, mambobinta suka koma amfani da ragowar na'urorin oksijin na yaƙi. A 1949 Gordon Marriott, tsohon mayaƙin ruwa, ya mutu a wannan kogo bayan oksijin ɗinsa ta ƙare.

A farkon shekarun 1960 wani matashi, Mike Boon, ya ɗaure tukunya a kwiɓinsa maimakon ya goya ta, ya ratsa wasu matsattsun wurare a kogon Swildon's Hole. Dabarar mai sauƙi ce. Mutumin da ya goya kaya kaurinsa ya ninku, bakin tukunyar yana bayan ƙeyarsa, nan ne kuma dutse yake fara duka. Wanda ya rataya a gefe kuwa ya zama falle, yana ganin bakin tukunyarsa, hannunsa yana kaiwa gare shi, in wuri ya matse ƙwarai ya kwance ta ya tura gaba ya bi bayanta. Masu nutso na Filorida a Amurka, irin su Woody Jasper da Lamar Hires, suka ɗauki dabarar suka kyautata ta. Duniya ta ga amfaninta a 2018, sa'ad da aka fito da yara 12 da mai horar da su daga kogon Tham Luang na Tailan. Masu nutson Ingila da suka gano su da tukwane a kwiɓi suka shiga.

A Filorida ne kuma Sheck Exley ya bi diddigin mace-macen kogwanni, ya fitar da ƙa'idoji a 1979: a ja igiya tun daga bakin kogo, a yi tafiyar shiga da sulusin iska a bar sulusi biyu domin komowa, kada a zarce zurfin da iskar ta dace da shi. Shi kansa ya mutu a 1994 a wani rami mai zurfi a Meziko.

Ana cikin haka lantarki ya shiga na'urar maimaita numfashi. A 1968 Walter Starck da John Kanwisher suka ƙera wadda take auna oksijin da kanta, ta gauraya ta da wata iska, ta yadda za a iya zarce mita 6 nesa ba kusa ba. A 1987 Bill Stone ya kwana ya wuni, sa'a 24, a cikin ruwan Wakulla da tasa. A 1997 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da irin wannan na'ura da yawa ga jama'a. Haɗa dabarun biyu, watau a mayar da na'urar doguwa siririya kamar tukunya a rataya ta a kwiɓi, masu kogwanni ne suka fara da hannunsu. Rick Stanton, wanda shi ma tsohon ɗan kwana-kwana ne a Ingila, ya yi suna wajen ƙera nasa. A 2010 shi da abokansa uku suka yi nutson kilomita 8.8 a cikin kogon Pozo Azul na Sifen. Yau kamfanoni da dama suna sayar da irin wannan na'ura ta kwiɓi.

Boesmansgat da Dahab

Ci gaban bai zo a banza ba. A watan Oktoba na 2004 David Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostireliya, ya kai zurfin mita 270 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, inda ya ga gawar Deon Dreyer, saurayin da ya nutse a can shekara goma kafin nan. Ya yi wa iyayensa alkawarin ɗauko ta. Ran 8 ga watan Janairu na 2005 ya koma, bai fito da rai ba. Kyamarar da take kansa ta ɗauki komai, likitoci suka yi nazarin sautin numfashinsa, suka gano cewa a wannan zurfi iska ta yi kauri, aikin ya yi nauyi, igiya ta sarƙe shi, huhunsa ya kāsa fitar da gurɓatacciyar iska har ya suma. Bayan 'yan kwanaki, da ake janye igiyoyi, gawawwakin biyu suka taso tare.

A Masar, makarantar wannan darasi tana arewacin garin Dahab a gabar Sina'i. Akwai wani rami a cikin murjani da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100. A wajen mita 55 akwai wata kafa mai kama da ƙofar gari, tsawonta mita 26, wadda ta ɓulle zuwa teku. Ba kogo ba ce sosai, amma hukuncinta na kogo ne: wanda ya shiga ba shi da sama sai dutse. A wannan zurfi naitirojin takan bugar da mutum kamar giya, da yawa sun nemi kafar suka wuce ta suka yi ƙasa. Allunan tunawa da aka manna a jikin dutsen bakin ruwan suna ɗauke da sunaye daga ƙasashe daban-daban. A 1993 aka buɗe cibiyar jinyar masu nutso a Sharm el-Shek ƙarƙashin Dakta Adel Taher, Dahab kuma ta zama ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa daga ko'ina domin koyon nutso mai zurfi da gaurayen iskar hiliyom. A nan ne Ahmed Gabr, tsohon hafsan sojan Masar, ya kai mita 332.35 a watan Satumba na 2014, da tukwane na yau da kullum. Saukarsa ba ta kai rubu'in sa'a ba, hawansa kuwa ya ci wajen sa'a 14.

Yadda ake auna ta

A 2013 wani likita a Ostireliya, Andrew Fock, ya tattara mace-mace 181 na masu amfani da na'urar maimaita numfashi tsakanin 1998 da 2010, ya ƙiyasta cewa haɗarinta ya ninka na tukunyar yau da kullum wajen sau goma. Saboda haka masana ba sa duban kyan ƙira ko rashin nauyi kawai idan za su yanke hukunci a kan na'urar kwiɓi. Tambayoyinsu daga waɗancan mace-mace suka fito.

Ta farko ita ce nauyin numfashi. Idan jakar tana ƙasa da huhu, ruwa yana matsa ta, shaƙa ta yi sauƙi, fitarwa ta yi wuya. Idan tana sama, abin ya juye. Na'urar da take kwiɓi tana sauya matsayi duk sa'ad da mai ita ya mirgina, ko ya yi kai ƙasa, ko ya tura ta gaba a matsatsi. Wadda take da daɗin shaƙa a kwance tana iya zama azaba a tsaye, kuma kogo ne yake zaɓa wa mutum yadda zai kwanta. Abin da ya sami Shaw ya nuna inda numfashi mai nauyi yake kaiwa.

Ta biyu ita ce ƙarkon sinadarin. Sanyi da zurfi da aiki mai ƙarfi duk suna rage masa kwana. Shi ya sa ma'aunin da ƙasashen Turai suka kafa tun 2003 ya ce a gwada shi da injin numfashi a ruwa mai sanyin digiri 4. In ba a cusa tsakuwar da kyau ba, iska takan sami hanya ta ratsa ba a tace ta ba.

Ta uku ita ce ma'aunan oksijin. Galibi uku ake sawa domin su shaidi juna, amma suna tsufa, danshi yana ruɗa su, kuma ukun da aka saya rana ɗaya suna iya yin ƙarya tare. Ƙarancin oksijin ba ya sallama: mutum yana cikin aikinsa sai ya tafi kamar mai barci.

Ta huɗu ita ce shigar ruwa. Na'urar da ake ja a kan dutse da laka ta fi saurin hujewa, ruwan da ya taɓa sinadarin kuwa yakan zama ruwan toka mai ƙone baki da maƙogwaro. Ana duba ko tana da inda ruwa zai taru, da hanyar fitar da shi ba tare da an daina numfashi ba.

Ta biyar, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce hanyar komowa. Na'urar takan kai mutum nesa da inda zai iya dawowa in ta mutu. Wajibi ne ya ɗauki tukwanen da za su fito da shi daga wuri mafi nisa, ko ya jera su a hanya, ko ya rataya na'ura ta biyu. Da yake ta farko ta riga ta cinye kwiɓi ɗaya, lissafin inda za a sa sauran yana cikin hukuncin.

Ta ƙarshe ba a jikin na'urar take ba. Nazarin Fock ya nuna cewa da yawa daga cikin mamatan sun shiga ruwa da na'urar da suka san tana da matsala, ko sun yi nutson da ya fi ƙarfinsu. An daɗe ana koyar da cewa mutum ya yi numfashi da na'urar minti biyar a tudu kafin ya shiga, domin ya ji ko sinadarin yana aiki. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 daga Auckland ta Niyu Zilan ya nuna iyakar wannan al'ada: cikin mutum 20 da aka cire wa sinadarin ɗungum, 5 ba su ji komai ba, cikin 20 da aka lalata wa shi rabi da rabi, 18 ba su lura ba. Jiki ba shaida ba ne abin dogara, shi ya sa malaman fannin suke nacewa a kan rubutaccen jerin dubawa, irin na matuƙan jirgin sama.

Wani lokaci hukuncin yakan zama a ajiye na'urar gaba ɗaya. A Nuri ta ƙasar Sudan, ruwan ƙasa ya cika kabarin Sarki Nastasen na Kush, wanda ya yi mulki a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙarƙashin dalarsa. Sa'ad da Pearce Paul Creasman da tawagarsa suka fara nutso a ciki a 2018, mashigar ta yi ƙunci, ruwan kuma ba zurfi, tafiyar ba nisa. Sai suka zaɓi tiyo mai kawo iska daga sama, watau abin da Lambert ya jefar a 1880, suka fito da gutsattsarin zinariya da ƙananan gumaka.

Shekara fiye da 140 bayan ramin Severn, na'urar ta tashi daga tukunyar tagulla da jiƙaƙƙen zare ta koma abin da kwamfuta take lura da shi, ta sauko daga ƙirji da baya ta koma kwiɓi, ta buɗe wa mutane wuraren da ido bai taɓa gani ba. Haɗarinta uku kuwa suna nan yadda Bert da Donald suka san su: oksijin ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko gurɓatacciyar iska ta taru. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Masu koyar da nutso a Dahab da Filorida da Ingila a kan wannan suke auna na'ura da mai ita, domin a lissafinsu tafiyar kogo ba ta cika sai wanda ya shiga ya fito.